Idan Sikeli Ya Tsaya, Ba Yunwa Ce Magani Ba

Cikin masu zuwa wurina a Sabon Tasha neman shawarar rage ƙiba, ƙorafin da na fi ji shi ne: "Anti, watan farko na sauka sosai, yanzu kuwa ko gezau." Daga nan sai mutum ya yanke wa kansa hukunci. Ya daina karyawa, ya wuni a kan ruwan citta da lemun tsami, da daddare kuma yunwa ta zaunar da shi gaban malmala uku.

Jikin da ya ragu, abincin da yake bukata ma ya ragu, kamar yadda Keke Napep ke rage shan mai idan an sauke masa lodi. Duk kilo ɗaya da aka zubar yana rage wajen kalori 20 zuwa 25 daga bukatar yini. Matar da ta sauko daga kilo 95 zuwa 87, bukatarta ta ragu da kusan kalori 200. Ke nan abincin da ya sauke ta a watan farko, yanzu da kyar yake motsa sikelin. Ba asiri aka yi mata ba, lissafin ne ke neman gyara.

A farko nakan ce a rage kamar kalori 500 a rana, wanda ke sauke kusan rabin kilo a mako. Idan awo ya tsaya cak har mako uku ko huɗu, sai a ƙara rage 100 zuwa 200, ko a ƙara tafiyar ƙafa ta rabin awa. Hawan sikeli kowace safiya wahalar da kai ne, domin gishiri da jinin al'ada kan tara ruwa a jiki, nauyi ya hau ba tare da kitse ya ƙaru ba. Sau ɗaya a mako ya isa, a haɗa da auna ƙugu da tef ɗin tela.

To daga ina za a cire? Kowa tuwo yake tuhuma, ni kuwa tukunyar miya nake fara leƙawa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi kuwa bai wuce 4 ba. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa ya kai 120, kuma wa ke auna mai da cokali a gidajenmu? Daga kwalba ake tuttulawa. Sai abin sha: robar Coca-Cola ta rabin lita ta ɗan haura kalori 200, sukarinta ya kai giram 50 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini. Kunun zaƙi, Maltina da burkutu duk suna cikin lissafi, ko da mai sha bai ɗauke su abinci ba. Mai cewa "sau ɗaya nake ci a rana" sau da yawa yana shan abincin rana ne a kofi.

Acca abinci ce mai kyau, amma ita ma hatsi ce, cika kwano da ita ba ragi ba ne. Faten da ya sha alayyafo da yakuwa, da wake a gefe, ya fi riƙe ciki. Cittar Kachia da Kafanchan kuwa, a sha don daɗi da ɗumama jiki, ba ta narkar da teɓa.

Akwai iyakar da ba na yarda a sauka ƙasa da ita ba tare da kulawar likita ba: kalori 1,200 a rana ga mace, 1,500 ga namiji. Mai juna biyu kada ta shiga wannan shiri, mai shayarwa kuma ta nemi shawara tukuna. Mai shan maganin ciwon suga ko allurar insulin ya fara ganin likitansa, domin rage abinci ba tare da gyara magani ba yana iya sauke suga har mutum ya faɗi.