Kafin Ka Toshe Wannan Adireshin

'Yan'uwa masu kula da saba, ku buɗe fayil ɗin auth.log yau da daddare ku duba. Za ku tarar da layuka birjik na waɗanda suka gwada shiga da sunan root suka kasa. Ba mutum ba ne zaune yana gwadawa. Manhajoji ne da ke yawo a intanet dare da rana, suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wato ta SSH, a duk sabar da suka ci karo da ita.

A wurin aiki nakan ga mutum ya kwafi adireshin IP ya danna ufw deny, ya kwafi wani ya danna, har jerin ya kai ɗaruruwa. Wahala ce kawai, gobe da sabon adireshi za su dawo. Wani ma hanin nasa ba ya aiki, domin katangar tsaro daga sama take karanta dokoki, ta tsaya a ta farko da ta dace, shi kuwa ya ajiye hanin a ƙarƙashin izini.

Amma abin da ya fi damuna daban ne. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne duka duniya, sun daɗe da yin ƙaranci, shi ya sa kamfanonin waya ke tara masu layi da yawa a bayan adireshi guda. A nan kuwa akasarin jama'a da datar waya suke hawa intanet. Idan ka toshe irin wannan adireshi har abada saboda waya ɗaya da ta kamu da muguwar manhaja, ka haɗa da mai shago a Kantin Kwari da ɗalibar da ke son biyan kuɗin makaranta. Laifin wani ya shafi wani. Kuma ba za su kira ka ba, cewa za su yi shafin ba ya buɗewa, su tafi abinsu.

Ni fail2ban nake bar wa aikin. Yadda yake zuwa, kuskure 5 cikin minti 10 na jawo toshewar minti 10, mai naci kuma ana iya tsawaita masa. Sannan na kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, sai da makullin SSH.

Don Allah, kafin ka taɓa dokokin katanga, ka sa adireshinka cikin ignoreip na fail2ban, ka kuma bar tagar SSH ta biyu a buɗe har ka tabbatar ba ka kulle kanka a waje ba.