WACE WAYA CE TA FI? DARASI GA MAI NIYYAR SAYE

Duk wanda ya saba zama a majalisun dare na Darmanawa, ko ya kan tsaya wurin mai shayi a Gyadi-Gyadi, ya san akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa, ban da ta siyasa da ta ƙwallo. Ita ce gardamar waya. Wannan ya ce ba kamar Samsung. Wancan ya ce shi in ba iPhone ba rijiya. Na uku ya zaro Tecno daga aljihu, ya ce yau kwana biyu ke nan rabonta da caji. In kuwa akwai ɗalibai a wurin, sai zance ya koma kan kwamfuta, HP ce ta fi ko Dell, Chrome ce ta fi ko Opera. Kowa yana yabon abin da ke hannunsa, gama ba mai so a ce ya zubar da kuɗinsa.

Gardama ba laifi ba ce. Abin damuwa shi ne, a kan sami magidanci ya yi wata da watanni yana tari, sa'an nan ya ɗauki maganar majalisa ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, ko ta titin Beirut, ya sayo abin da ba da daɗewa ba zai zame masa kayan kallo. Domin irin wannan aka shirya darasin nan. Ba a nufin a yabi wani kamfani ko a kushe wani. Nufin shi ne a nuna abu guda wanda masu gardama su kan manta da shi, alhali kuwa ya fi suna muhimmanci.

Babbar manhaja

Mai sayen doki wanda ya san doki ba ya tsayawa ga kyan sirdi, sai ya buɗe bakin dabbar ya dubi haƙora, domin a nan shekaru su ke. Waya da kwamfuta su ma suna da nasu haƙoran.

Kowace irin na'urar nan kashi biyu ce. Akwai jiki, watau gilashi da batir da sauran abin da hannu ke taɓawa. Akwai kuma babbar manhaja, wadda ido ba ya gani, ita ke tafiyar da kome, kuma a kanta sauran ƙananan manhajoji su ke zaune, kamar WhatsApp da manhajar banki. A yawancin wayoyi sunanta Android, ta kamfanin Google, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. A iPhone sunanta iOS, ta kamfanin Apple. A yawancin kwamfutocin da ke shigowa Kano kuwa sunanta Windows, ta kamfanin Microsoft.

To, babbar manhaja kamar gidan ƙasa ta ke. Kome kyan gininsa, tilas a yi masa yaɓe kafin damina, gama ruwa ba ya rasa gano tsaga. A nan ɓarayi masu kutse su ne ruwan. Kullum suna neman ƙafa, in sun samu, kamfanin ya aiko da gyara ta intanet ya toshe. Wannan gyara shi a ke kira sabuntawa. Amma ba kamfanin da ke yin yaɓe har abada. Kowace manhaja tana da ranar da za a janye hannu daga gare ta. Ran nan na'urar ba ta mutuwa, tana kamawa, tana haske kamar jiya, shi ya sa mai ita ba ya lura. Sai dai daga ranar duk tsagar da ta buɗe, a buɗe za ta zauna.

Wanda ke shakka, ya tuna da BlackBerry. Akwai zamanin da saurayi in ba shi da lambar BBM ba ya cikin lissafi. An rufe BBM na jama'a a watan Mayu 2019, kuma a ran 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya yanke hidimar tsofaffin wayoyinsa. Jikinsu lafiya lau, maɓallansu ba abin da ya same su, amma suka koma kwandon 'yan gwangwan. Haka Nokia Lumia, mai ɗauke da Windows ta waya, wadda aka daina kula da manhajarta a ƙarshen 2019.

Wani zai ce, shi ina ruwan ɓarawon intanet da shi, talaka? A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe fiye da ɗari, ta kulle abin da ke cikinsu tana neman fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Ba ta zaɓi mai kuɗi ba, duk ƙofar da ta tarar a buɗe ita ta shiga. Balle kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai kayan miya da mai a-daidaita-sahu sun koyi karɓar kuɗi ta waya. Wayar da a dā ta gaisuwa ce ta zama asusu, kuma ba mai hankalin da zai ajiye asusunsa a ɗakin da ba ƙyaure.

Ko ɓarawo bai zo ba, akwai wata asarar. Ƙananan manhajoji su kan yi ƙaura su bar tsohon gida. A 2025 WhatsApp ta daina aiki a iPhone 5s da iPhone 6, wayoyin da ba su kai Android 5 ba kuwa tun 2023 ta bar su. Manhajojin banki su ma haka su ke yi, kowace da nata lokacin.

Kwamfuta ta hannu

A nan ne ya kamata iyayen ɗalibai su kasa kunne sosai. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, kuma ɗalibin jami'a ba ya rabuwa da aikin bugawa. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin yawancin gidaje, saboda haka sai a koma ga ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus. Sayen ta hannu ba abin kunya ba ne, da yawa cikinsu ofisoshin Turai da Amurka ne suka yi aiki da su, suna kuwa da ƙarko. Amma ya kamata mutum ya tambayi kansa, me ya sa masu su suka rabu da su?

Ga dalili ɗaya babba. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020. A ran 14 ga Oktoba 2025 kuma wa'adin Windows 10 ya cika, ko da ya ke an yi wa waɗanda suka yi rajista ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro. Wadda ta gaje ta, Windows 11, ta fito a 2021, amma ba kowace kwamfuta ta ke yarda ta zauna a kai ba. Tana neman wani ɗan ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar na'urar, in ta Intel ce, ta kasance galibi zubi na takwas ko sama da haka, watau wadda aka ƙera daga ƙarshen 2017 zuwa gaba.

A ce wani magidanci a Darmanawa 'yarsa ta sami shiga Jami'ar Bayero, ya tafi kasuwa nema mata kwamfuta. Yaron shago ya ɗauko wata mai sheƙi ya ce, "Alhaji, ga irin taka. Core i7 ce, ba ta taɓa ganin mai gyara ba." Yaron bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. In Alhaji ya ji darasin nan, sai ya ce, "Madalla, yaro. Kunna mini ita in ga lambar da ke bayan i7 ɗin." In ya ga i7-4600U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce haƙoran dokin: 4, watau zubi na huɗu, na 2013. In a gefenta akwai wata mai i5-8250U, wannan zubi na takwas ce. A majalisa za a ce bakwai ta fi biyar. A gaskiya kuwa mai biyar ɗin ta fi sauri, kuma ita Windows 11 ke karɓa. Yarinya shekara huɗu za ta yi aƙalla, ba a saya mata abin da wa'adinsa ya cika tun kafin ta shiga aji. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko a ke karantawa.

Sai a yi hattara da wani abu. Akwai dabarar da a ke yi a cusa Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta, mai saye ya ga sabon zane ya yi murna. Microsoft da kansa ya faɗa bai yi alkawarin aiko wa irin waɗannan gyara ba. Lambar ƙwaƙwalwa ita ce shaida, ba abin da gilashi ya nuna ba.

Wanda tsohuwar ta riga ta shiga hannunsa kada ya yar. Akwai wata babbar manhaja kyauta mai suna Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Iri-iri ce, sananniya a cikinsu ita ce Ubuntu, wadda ta fito a 2004. Tana zama a kan tsofaffin na'urori, ana kuma ci gaba da yi mata gyara. Sai dai Microsoft Word ba ta hawa kanta kai tsaye, da LibreOffice a ke bugawa, kuma ba kowane mai gyara ya saba da ita ba. Ga ɗalibi mai son koyo wannan ba cikas ba ne. Ga dattijon da ya saba da hanya guda, wahala ce.

Gardamar burauza

Wannan ba ta cancanci hayaniyar da a ke yi mata ba. Burauza ita ce manhajar da a ke buɗe shafukan intanet da ita. Chrome da Edge da Opera duka a kan harsashi ɗaya aka gina su, mai suna Chromium, fenti ne da ƙofofi suka bambanta. Firefox da Safari ne ke da nasu harsashin dabam. Opera Mini, wadda ta bazu tun 2006, ta yi farin jini a nan domin tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso waya, sai data ta yi auki. Dabara ce mai kyau ga mai karanta labarai, amma wasu shafukan cike takarda su kan ƙi tafiya daidai a cikinta. Kowa ya riƙe wadda ya saba da ita, muddin tana sabuntuwa. Internet Explorer an yi mata ritaya a Yuni 2022, Chrome kuma ta daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023. Ka ga an sake komowa ga maganar farko.

To, wace ce ta fi?

Mai Tecno yana da hujja. Tecno da Infinix da itel duka 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion, na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, abin da masu gardama tsakanin Tecno da Infinix da yawa ba su sani ba. Kamfanin ya lura da halin Afirka: layi biyu a waya ɗaya domin wani layin ya kan ɗauke, babban batir domin wuta ba ta tsayawa, da kyamara mai fitar da fuskar baƙin mutum sosai. Ga kayan gyara ko'ina, ga sauƙin kuɗi. Rauninsu shi ne, masu araha cikinsu ba su cika daɗewa suna samun sabuntawa ba.

Mai iPhone shi ma yana da hujja, gama Apple ya kan yi shekaru masu yawa yana kula da wayarsa. Amma shekarun nan daga ranar da wayar ta fito a ke ƙirga su, ba daga ranar da ta iso Kano ba. Wanda ya sayi mai shekara bakwai domin a ga alamar tuffa a bayanta, ragowar wani ya saya da tsada. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, amma wannan alkawari bai hau kan kowace waya mai sunan Samsung ba. Kowane samfuri da nasa wa'adin.

Saboda haka, kafin a yi ciniki, mai saye ya karɓi wayar ya shiga wurin saiti, can ƙasa inda a ke bayanin wayar. Zai ga lambar Android, zai ga kuma ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Android 16 ta fito a 2025, sai ya auna nisan da ke tsakani. In gyaran ƙarshe ya haura shekara biyu, ya sani an riga an janye hannu, sai ya taya ta da kuɗin tsohuwa ko ya bar ta.

In ta hannu ce, akwai sauran aiki. Ya danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ya sa a rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanan wata. Tun umarnin Disamba 2020 na haɗa layi da lambar NIN, layin kowa yana ɗauke da sunansa, in kuwa wayar ta sata ce, wanda layinsa ke ciki shi za a fara nema. Sa'an nan ya sa mai sayarwa ya goge wayar ƙaƙaf a gabansa, a sake kunnawa. In ta tashi tana neman kalmar sirrin iCloud ko ta Google ta mai ita na dā, kada ya saurari alkawarin za a buɗe masa gobe. Ya ajiye ta a kan kanta, kuɗinsa kuwa su zauna a aljihu sai an kawo wata.