Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa Idan Ɓarin Jiki Ya Shanye

Idan bakin mutum ya karkace farat ɗaya, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, akan ce iska ce ta buge shi, a duƙufa turare har gari ya waye. Alhali ciwon yana cikin kai, kuma ba ya jiran kowa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 na oksijin da jiki ke amfani da shi, ga ta kuma ba ta da rumbun ajiya. Da zarar gudan jini ya toshe hanya, ƙwayoyin jijiyar da ke tsakiyar wurin sukan kumbura su fashe cikin 'yan mintoci. Suna cikin mutuwa sai su kwararar da gulutamet, sinadarin da a da shi ne ɗan aikensu. Idan ya yi yawa, sai ya wangale ƙofofin ƙwayoyin da ke maƙwabtaka, kalsiyam ya tuttuɗo musu, ya tada sinadaran da ke cinye su daga ciki. Wuta ce ta kama danga, tana tsallakawa gida gida.

To, ƙwayoyin da ke gefen wannan wuri ba su mutu ba tukuna. Sun galabaita ne, suna ɗan samun jini ta ƙananan hanyoyi na wasu sa'o'i. Su likita ke neman ceto. A 2006 wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta cewa idan babbar hanyar jini ta toshe, ana asarar ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 kowane minti. Allurar narkar da gudan jini kuwa akasari cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.

Wani zai ce, ai mun ga wanda aka yi jinyarsa a gida ya miƙe. Gaskiya ne, sai dai ba matattun ƙwayoyin ne suka farfaɗo ba. Kumburi ne ya saɓe, waɗanda suka tsira suka koyi aikin 'yan'uwansu, shi ya sa galibi za ka ga mai shi yana jan ƙafa. Addu'a ba ta hana shiga mota zuwa asibiti, a yi ta a hanya. Kada kuma a ba majinyaci asfirin kafin a ɗauki hoton kai, domin wani lokaci jijiyar jini ce ta fashe saboda hawan jini, ba toshewa ba, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi.