Kare Mai Roƙon Abinci

A ƙasar Kazaure mutane da yawa suna ajiye kare. Manomi a 'Yankwashi yana ajiye shi don tsaron gona da rumbu. Bafillace yana tafiya da shi bayan shanu. Mafarautan Roni da Gwiwa kuwa, in an kawar da amfanin gona, da shi suke shiga daji neman zomo da gafiya. Malamai sun ce ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gona, ya halatta. Tun da yana yi mana aiki, ciyar da shi yana wuyanmu. Amma wurin cinsa daban, wurin cin mutane daban.

Ku dubi abin da ke faruwa bayan magariba. An shimfiɗa tabarma, an kawo tuwo. Kare ya zo ya tsuguna, ya ƙura wa akushi ido, yana kaɗa wutsiya. Yaro ya ji tausayi, ya jefa masa loma. Gobe ya ƙara matsowa. Jibi ya sa baki cikin kwano. Sai maigida ya tashi da sanda, yana cewa kare ya lalace. To, wa ya lalata shi? Mai jefa lomar nan ne.

A ƙasar Rasha an yi wani likita, sunansa Pavlov. A shekara ta 1904 aka ba shi babbar kyauta saboda binciken da ya yi a kan yadda ciki ke narka abinci. Da karnuka ya yi binciken. Ya lura da wani abu. Karnukan nan, da sun ji takun mai kawo musu abinci, sai miyau ya zubo musu, tun ba su ga abincin ba. Watau kare yana haɗa abu biyu a kansa: wannan motsi, abinci na biye da shi. Haka karenku yake. Ƙarar murfin tukunya da shimfiɗa tabarma sun zama masa kira, domin can baya ya zo ya samu.

Ga kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba. Wanda ke ba kare loma jefi-jefi ya fi mai ba shi kullum ɓata shi. Ku tuna da mai fatsa a bakin madatsar ruwa ta Kazaure. Yana jefa ƙugiya sau goma bai kama kome ba. A na goma sha ɗaya ya kama tarwaɗa. Gobe zai dawo? Zai dawo mana, har ya wuni. Da ruwan ba ya ba da kifi ko kaɗan, da tuni ya bari. Kare ma haka ne. In kun hana shi kwana tara, kuka ba shi a na goma, kun koya masa cewa naci yana biya.

Abin ba na wasa ba ne. Kare mai roƙo yana zama mai fizge, kuma daga hannun ƙaramin yaro yake fara fizgewa. Nan ne haƙori ke samun yatsa. Cutar haukan kare cikin miyau take, kuma in ta bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, da yawa daga ciki yara ne. Saboda haka a kai kare wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi tun yana wata 3, a riƙa sakewa kowace shekara. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

Yanzu ga yadda za a yi. A samo masa kaskonsa, a ajiye can gefen gida, nesa da inda ake ci. A ba shi sau biyu a yini, safe da yamma, a lokaci guda kullum. Na yamma a ba shi kafin a kawo tuwon gida, domin mai ƙoshi ba ya naci kamar mai yunwa. Ƙanzo da ragowar tuwo duk a zuba cikin kaskon, kada a ba shi daga hannu. Amma ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke masa hanji. Albasa mai yawa tana ɓata masa jini. Goro ma guba ne gare shi.

In an zauna ci ya zo, mutum ɗaya ya ce masa "Koma!", ya kai shi wurin kaskonsa. Kalma ɗaya za a riƙe, kada wannan ya ce "Fita", wancan ya ce "Tafi". In ya ƙi zama, a ɗaure shi a turke cikin inuwa, da ruwan sha kusa, har a gama. Ran da ya zauna da kansa, a kai masa ɗan abu mai daɗi can inda yake.

Kada a doke shi. Duka yana sa shi tsoron maigida ne kurum, sai ya koma sata in maigida ba ya nan.

Kwanakin farko zai ƙara kuka da tonon ƙasa. A daure, alama ce ya ga abin ya sake. Kwikwiyo yana koyo da sauri, tsohon kare sai an yi haƙuri da shi.

Aikin na gida duka ne. Maigida ya gaya wa uwargida, uwargida ta gaya wa yara, har da kaka, don ita ce mai yawan tausayi. In baƙo ya zo daga Babura ko Karkarna, a gaya masa tun kafin ya wanke hannu: "Malam, a gidan nan ba a jefa wa kare loma."