Yadda ake fim ɗin komawa jiya da kuɗin cefane

Da farko ka haƙura da kumbo da taurari, ba ka da kuɗinsu. Shane Carruth ya yi Primer a 2004 da kimanin dala 7,000, na'urarsa ta komawa baya kuwa akwati ne kawai da aka ɓoye a ɗakin ajiyar kaya na haya, amma ya ci babbar kyautar bikin Sundance. Kai ma leƙa sito: mataccen firij, tsohuwar talabijin, tarkacen wayoyi. Kada ka wahalar da kanka wajen ƙawata su, muninsu ne rabin dariyar.

Sai dalilin tafiyar, nan gatsen yake. Hollywood kan tura jarumi baya ya ceto duniya. A fim ɗin Japan na 2005, Summer Time Machine Blues, ɗalibai ne na'urar ta faɗo wa, suka koma jiya don su ɗauko rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki tun bai lalace ba. Juye hankalin mutum cikin kwamfuta ma ya fi na'urar komawa baya arha, murya kawai kake buƙata da abin da za ta fito daga ciki. A World of Tomorrow na Don Hertzfeldt, 2015, an zuba hankalin wani kaka a ɗan akwati, yana ta aiko saƙon kururuwa, jikarsa na karantawa ko a jikinta. Muryar ƙaramar yarinyar fim ɗin kuwa ta 'yar ɗan'uwan Hertzfeldt ce mai shekara 4, ya naɗe ta tana wasanta.

Neman lokeshan da 'yan wasa ba ya cin lokaci: gida ɗaya, abokai kaɗan, abinci a kan kari.

Inda ake gane gwani shi ne ranar da mutum zai haɗu da kansa. Kafin a kunna kyamara ana rubuta labarin sau biyu a bango, ɗaya yadda agogo ya gan shi, ɗaya yadda jarumin ya rayu a cikinsa, mai kula da kwantiniti ya tsare su da alli a hannu. Sai a kafe kyamara a kan ƙafarta, a sa tef a ƙasa, wanda ya taɓa ta ya ja wa kowa. Jarumi ya yi wasansa a hagu yana magana da iska, ya canja riga, ya dawo dama ya amsa wa muryarsa da ake kunna masa a kunne. Mai tacewa zai ɗinke biyun a kan wani miƙaƙƙen layi, bakin ƙofa ko kusurwar bango. Matsalar rana ce. Minti ashirin na canjin riga ya isa hasken taga ya gusa, sai ka ga rabin ɗaki hantsi, rabi azahar. Shi ya sa ake toshe tagogi a kunna fitila. Ga inuwa da ke tsallaka layin ta guntule, ga ido da ke kallon kunne maimakon fuska. Ɗan kuskuren shayin da ya ragu a kofi kuwa, masu kallon irin wannan fim ba sa yafe shi, da biro suke kallo.

Wasu kan zille. Nacho Vigalondo na Sifaniya, a Timecrimes na 2007, naɗe kan jarumin na biyu ya yi da bandeji, kowa ma zai iya tsayawa a madadinsa. Wasu kuma kan ƙara wa kansu wahala da gangan: 'yan wasan daɓe na Europe Kikaku sun yi Beyond the Infinite Two Minutes a wani shagon shan kofi a Kyoto, inda talabijin ke nuna abin da zai faru nan da minti 2, dole kowace magana ta faɗo daidai daƙiƙarta. Galibi irin mutanen da ke wannan sana'a ke nan, injiniyoyi da 'yan daɓe da masu zane, waɗanda wasa ƙwaƙwalwa ya fi musu kuɗi daɗi, kuma ni a nan nake ganin martabar abin.

Umarni na ƙarshe ga 'yan wasa: kada wanda ya nuna ya san abin dariya ne. A shiga firij ɗin da fuskar mai zuwa jana'iza. Bayan tacewa, a nuna wa wanda bai karanta labarin ba, a ce ya zana tafiyar jarumin a takarda. In zanensa ya saɓa da na bango, a koma kan kwamfuta.