Cika Katirij ɗin Firinta da Kanka: Ina Ribar Take, Ina Asarar?

A Dundaye, kusa da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, firinta ba ta hutawa lokacin firojet. Ɗalibi zai turo fayil ta WhatsApp, mai shago ya buga, wani ya matso. Idan rubutu ya fara dusashewa, zaɓi biyu ne: a sayi sabon katirij, ko a buɗe tsohon a zuba masa garin tawada, wato tona.

A fara da lissafi. Katirij 12A, wanda HP LaserJet 1020 ke amfani da shi, kamfanin ya ce yana buga kusan shafi 2,000. 85A na P1102 kuwa 1,600 ne. Amma an auna wannan ne da shafin da tawada ta rufe kusan kashi 5 cikin 100 nasa kawai. A ɗauka firojet shafi 80 ne, kwafi huɗu: shafi 320 ke nan. Ɗalibai shida sun kusa cinye 12A guda, in da hotuna da jadawali ma ba zai kai ba. Don haka farashin da ya kamata a duba shi ne na shafi ɗaya: kuɗin da aka kashe a raba da yawan shafukan da suka fito.

A wannan ma'aunin, cikawa ta fi araha nesa ba kusa ba, domin gari kaɗai ake saye.

Sai dai katirij ba gwangwani ba ne kawai. A cikinsa akwai dorom, sandar nan mai ɗaukar hoton shafi, da wata 'yar reza mai share shi, da aljihun da ragowar gari ke taruwa. A nan masu gaggawa ke faɗuwa. Su zuba sabon gari, su manta da zubar da na aljihun, sai baƙin layi ya bi takarda daga sama har ƙasa. Dorom kuma yana cinyewa, hasken rana na lalata shi, ƙurar hunturu na karce shi. Ɗigon da ke maimaita kansa a wuri ɗaya alamar dorom ya gaji ne, ƙarin gari ba zai gyara shi ba. Wanda bai sa kuɗin dorom da takardun da suka lalace a lissafinsa ba, yaudarar kansa yake yi.

Garin ma roba ce da aka niƙa, zafin firinta ke narkar da ita ta manne. A sa takunkumi, a kashe fanka. In ya taɓa riga, ruwan sanyi. Ruwan zafi manne shi zai yi.

Sai batun cif. Tun 2016 HP ke sa wasu firintocinsa su ƙi katirij mai cif ɗin da ba nasa ba, sau da yawa bayan sabunta manhaja. 12A ba shi da cif, yana cikin dalilan da tsohuwar 1020 ke da farin jini har yau.

Ɗalibin da ke buga shafi goma a wata, wannan wahalar ba tasa ba ce, ya je shago. Mai buga launi da yawa kuma ya dubi Epson EcoTank, da aka ƙera don a riƙa zuba mata tawada daga kwalba, amma kada ya bar ta makonni a ajiye cikin zafin Sakkwato, tawadar kan bushe ta toshe bakinta.