Ciwon Ƙirjin da Muke Kira Olsa

Sau nawa muka ji an ce, "Wane fa lafiyarsa ƙalau, da safe ma shi ya buɗe shago, kawai sai ya yanke jiki ya faɗi"? In aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar ya yi watanni yana kukan ƙirji, yana sayen maganin olsa a kemis. Darasinmu na wannan mako a kan toshewar jijiyoyin zuciya ne.

Mene ne ciwon?

Zuciya tsoka ce da ke bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Ita ma tana buƙatar jini, kuma akwai ƙananan jijiyoyi da ke kai mata shi. A hankali, cikin shekaru, maiƙo kan taru a jikin jijiyoyin nan kamar yadda datti ke cushe kwata, hanya ta ƙuntata. Ranar da gudan jini ya toshe ta gaba ɗaya, ɓangaren zuciyar da jini ya daina isa gare shi sai ya fara mutuwa.

Me ke jawo shi?

Hawan jini, ciwon suga, yawan maiƙo a jini, shan taba ko shisha, ƙiba da rashin motsa jiki. Shekaru da gado su ma suna da hannu. Mu dubi kanmu: tun safe muna zaune a shago har magariba, abincinmu na saye ne, ga manja, ga gishiri, ga dunƙule, da dare a ɗora tsire mai kitse da lemon kwalba.

Alamomi

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji idan mutum ya hau bene, ya ɗauki kaya ko ya yi sauri, in ya huta ya lafa. Wani lokaci ya sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi. Wannan gargaɗi ne, a je asibiti kafin mako ya zagayo. Amma in ciwon ya zo mutum na zaune, ya ƙi lafawa bayan 'yan mintoci, ga zufa, ga haki, ga tashin zuciya, to a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce sai gari ya waye, kada kuma mai ciwon ya tuƙa kansa. Mata, tsofaffi da masu suga kan ji haki da kasala kawai, ba lallai ƙirji ya yi ciwo ba.

Magani

Likita zai auna bugun zuciya da na'urar ECG, ya gwada jini. Akwai ƙwayoyin hana jini yin guda irin su asfirin, da na rage maiƙo, da na saukar da hawan jini, da wata da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Idan toshewar ta yi tsanani, akan zura siririn bututu a buɗe jijiyar a sa mata tokari, ko a yi tiyata a yi wa jini sabuwar hanya. Kada kowa ya fara shan asfirin kullum da ra'ayin kansa, domin yana iya sa ciki ya zubar da jini.

Inda muka fi yin sakaci shi ne barin magani da zarar an ji sauƙi. Galibin ƙwayoyin nan na har abada ne. Mai tafiya gida Arewa hutun Sallah ko saro kaya ya tafi da isassu. Mai son yin azumi ya tambayi likitansa lokutan sha.

Abin da za mu fara yau

Mu auna jini. In yana kaiwa 140/90 ko sama a kai a kai, mu ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙule. Iyayenmu mata, wannan a hannunku yake. Tafiyar ƙafa da ɗan sauri, minti 30, kwana 5 a mako. Mai shan taba ya daina.

In abokin kasuwanci ya dafe ƙirji ya ce olsa ce, mu tambaye shi yaushe take taso masa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.